Garin Sanyin Ƙashi da Ƙodata

Salamu alaikum. Masu cewa Hajiya Kulu ta yi shiru tun damina, ku kwantar da hankalinku, ban mutu ba. Asibiti na kwanta.

Da ƙafa abin ya fara. Ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya ragu, abinci ya fita raina. Daga Kurfi aka kai ni Dutsin-Ma, daga can Katsina. A ɗebi jini, a ɗebi fitsari, a sake ɗibar jini. Tunkiyata a gwaje-gwaje ta tafi.

Likita ya ce ƙoda ce ta gaji. In ba a gano abin da ke cinta ba, sai wankin ƙoda.

Na kasa kwanciya. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo. Nas ta ce, "Hajiya, ƙaya ce a gadon?"

Likita ya tambaye ni, "Mama, kina shan maganin kashe ciwo?" Na rantse masa rabona da ƙwayar Bature tun goyon autana. Gaskiyata na faɗa. Garin sanyin ƙashi da nake saye ranar kasuwa ina zubawa a kunu, ai itace ne.

Jikana Nura, angon nawa da bai taɓa cefane ba, shi ya ga ƙullin garin a jakata. A jami'a yake bincike kan wani ɗan falle kamar na gwajin suga, an shafe shi da ƙurar da ido ba ya gani. Wai in ruwa mai maganin ciwo ya taɓa shi, lantarki ya motsa, na'ura ta tona.

Ya ce, "Amarya, ba ni garin nan."

Na ce, "Biya sadaki tukuna."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki ƙullin ya tafi ya gwada.

Da ya dawo ya ce, "Hajiya, ƙwayar ciwon jiki aka daka a ciki, ba kaɗan ba." Likita ya aika nasu gwajin, ya fito haka.

Shi ya sa in na sha ciwon gwiwa ke sakina nan take, ni kuwa ina ta yabon itace.

Aka raba ni da garin, aka bi ni da magani da awo. A hankali kumburi ya saɓe. Ranar da likita ya ce ba sai an yi wanki ba, zama na yi a ƙasa.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa ma'aikata da duk wanda ya yi min addu'a.

In likita ya tambaye ku, ku zazzage masa jakar gaba ɗaya, har na kunu. Matan layinmu da na ɗiba wa garin nan kyauta, don Allah ku zubar yau, ku je a duba ƙodarku.