Shekarar da Aka Auna Gonar Kakanmu

Jiya maƙwabciyata ta dafa ɗanyen wake da ɓawonsa, ƙamshin ya tsallako katanga, sai ga ni a Mawashi ina yarinya, a gonar kakanmu.

In ka ga gonar nan sai ka ce yara ne suka yi shukar. Gero nan, dawa gefensa, wake na yaɗo a ƙasa, ga gyaɗa tsakanin kunya. Lokacin arzikin mai ya fara shigowa, takin zamani ya zo, malamin gona yana bin ƙauyuka yana cewa a shuka abu ɗaya a layi. Babanmu ya kamu, yana so a mai da gonar duka ta gyaɗa. Kakanmu ya ƙi. Kusan wata guda gaisuwa kaɗai ke haɗa su, daga ƙarshe aka yanka wa babanmu gefen gabas ya gwada.

A daminar ne wani malamin jami'a ya zo kan babur, da igiyar awo da sikeli, yana binciken abin da ke hana manoma ci gaba. Da ya tambayi dalilin wannan haɗe-haɗe, kakanmu ya ce, "Malam, ban san wanda ruwan bana za ya so ba, shi ya sa nake ba shi zaɓi."

Ruwa kuwa ya ɗauke da wuri, ciwo ya kama gyaɗa, ganyenta ya murɗe ya yi rawaya. Gefen gabas ko iri bai mayar ba. Amma gero ya riga ya nuna, wake ya cika buhuna.

Da kaka malamin jami'ar ya dawo, ya wuni yana auna damma. Da ya gama sai ya durƙusa ya ce, "Baba, kuskurenku na zo nema, ga shi ni zan koma da karatu."

Kakanmu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Bai goranta wa babanmu ba, cewa kawai ya yi ya hau rumbu ya jera damma. Babanmu na sama yana dariya, mu muna ƙasa muna tsalle. Da wata daminar ta zagayo suka zuba takin zamani a gonar, yadda take a haɗe.

Yanzu a Kankia nake, gonar an raba ta tsakanin jikoki, kowa ɗan yanki. Kwanaki ɗana da ya karanta aikin gona ya zaunar da ni yana yi mini bayanin amfanin haɗa gero da wake, wai sabon ilimi ne. Na bar shi ya kai ƙarshe, don ya iya bayani.