Tsumman da Yaya Altine ya ɗaura a gora

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Altine makwancinsa a maƙabartar bayan unguwarmu, nan Illela. Duk shekara idan watan ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in je in yi masa addu'a in komo gida ba. Bana na ɗauki alƙalami, duk da ban yi nisa a boko ba, domin na ji an kira sunansa a gaban jama'a an jingina masa abin da bai faɗa ba, shi kuwa ba shi da bakin da zai kare kansa.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa ɗaura rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake adana albasa a ciki. Daga Garu zuwa Lafani, har ƙauyukan tsallaken iyaka, da wuya ka sami manomin albasar da bai taɓa kiransa ba. Albasa iska take so, idan ta rasa sai ta ruɓe tun daga tsakiya mai ita bai sani ba. Shi ya sa Yaya ba ya kafa dirka sai ya san ta inda iska ke shigowa. A gonarmu ta arewacin gari ya kafa wata doguwar gora ya ɗaura mata tsumma a kai, kuma kowace safiya ita yake fara dubawa. Idan manomi ya matsa masa a fara aiki yau-yau, sai ya ce, "Kai ka san albasa, ni na san iska. Bari in ga tsummana tukun."

Gefen gonar akwai wani tsohon rami da aka ɗebi ƙasar gini. A hankali ya zama juji. Leda, kwalaye, tsoffin tayoyin babur, batura, duk tarkacen da kasuwar bakin iyaka ke fitarwa, can ake jibgewa, in ya taru a cinna masa wuta. Shekara da shekaru Yaya yana aiki cikin wannan hayaƙi. Ba zan ce shi ya kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma ina tsaye likita ya tambaye shi ko yana shan taba, mutumin da ko goro bai dame shi ba. Kuma ni na riƙa riƙe masa kafaɗa idan tarin ya taso, har ya kai ba ya iya gama Fatiha da numfashi ɗaya.

Kafin ya kwanta ya yi yawo. Ya je wurin mai unguwa, ya je wurin liman, ya bi 'yan kasuwa rumfa-rumfa. Abu ɗaya yake roƙo: a daina sa wuta kusa da mutane. A ware ruɓaɓɓen kayan gwari da kashin dabbobi a bai wa manoma su yi taki, sauran a kai shi nesa da gari. An ce masa mai neman fitina. Wasu da ke yi masa dariya a lokacin, yau su ne ke cewa Allah ya jiƙan Malam Altine da murya mai taushi.

Yanzu wani kamfani ya zo zai gina babban murhun ƙona shara a bakin wannan rami, mai dogon bututun hayaƙi. Ba sharar Illela kaɗai ba, har ta wasu garuruwa za a riƙa kawowa a mota. Hanyar motocin kuwa ta cikin gonarmu aka zana ta. Gonar tana hannuna ne amana, ta marayun da Yaya ya bari ce, kuma ba za a fitar da hanyar ba sai na sa hannu a takarda.

An kira taro a ƙofar mai unguwa bayan la'asar. Mutane sun cika, har mata sun tsaya daga bakin zaure, domin su ke jinyar yara idan ƙirji ya toshe. Wakilin kamfanin ɗan garinmu ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa, kuma ya san wanda ya ɗaura wa mahaifinsa rudu shekara goma a jere. Wani tsohon mahauci ya tambaye shi, "To Alhaji, hayaƙin ina za shi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, masana sun auna. Iska arewa taka yi. Nijar za shi, mi ya shafe mu?"

Wasu suka yi dariya. Ganin haka sai ya waiwayo wajena ya ƙara da cewa, "Ga ƙanen marigayi Altine nan. Shi yaf fara kuka da wanga juji. Wanga aiki burinai ne muka cikawa."

Ban amsa masa a wurin ba, domin na san idan na buɗe baki abin da zai fito ba zai yi kyau a gaban dattawa ba. Ga amsar yanzu.

Alhaji, mahaifiyarmu daga wani ƙauye na bayan Konni, cikin Nijar, aka auro ta, kuma can ta koma aka binne ta. Luba, babbar 'yar Yaya Altine, can take aure, da 'ya'yanta uku. Daga gonar nan, idan gari ya yi sarari, ana hango itatuwan ƙauyensu. Mu da muke tashi da safe mu je suna a can mu dawo mu yi azahar a nan, mu da naira da sefa ke aljihu ɗaya, mu za a gaya wa cewa guba idan ta tsallaka iyaka ta zama ta baƙi? Ka ɗauki sunan uba ka ɗora a kan bututun da ka ce da bakinka wajen ɗakin 'yarsa zai hura. Ban taɓa jin rashin ta ido irin wannan ba.

Sannan maganar ma ba gaskiya ba ce. Masanan naka na gan su, da damina suka zo, kwana biyu suka yi. Da damina iska arewa take yi, haka ne. Amma daga an cire amfanin gona har zuwa bazara juyawa take, ta nufo gari. Ta bi ta kan islamiyya, ta bi ta mahauta, ta shiga unguwanni. Wannan ba sai an yi karatu ba, duk wanda ya taɓa sheƙar gero a Illela ya san shi.

Ban ce juji ba masifa ba ne. Na fi kowa sanin abin da ya yi mana. Wasu daga danginmu ma sun ce in sa hannu, ai samari za su sami aiki, kuma wai wannan wutar ta zamani ce. Wataƙila. Amma har yau ba wanda ya gaya mana ina za a kai tokar, ga rijiyoyin lambu kewaye da ramin. Ba wanda ya ce wa zai gyara murhun ranar da ya lalace. Yaya bai nemi a ƙara wa wutar girma a yi mata hula ba. Cewa ya yi a kashe ta.

Nakan tambayi kaina me zai yi da yana raye. Na san ba zai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Hannun Alhaji zai kama ya kai shi gindin gorar nan, ya ce ya dawo gobe, ya dawo jibi, ya yi ta dawowa har shekara ta zagayo, sannan su yi magana.

Yaya bai bar gida na siminti ba. Rudun da ya ɗaura duk sun zube, kara ba ya shekara bakwai. Abin da ya rage shi ne marayunsa, da gonar, da wannan ɗabi'a ta duba wanda ke ƙarƙashin iska kafin a kafa komai. Ranar Juma'a na mayar wa mai unguwa takardar kamar yadda aka kawo ta, ba sa hannu. Daga nan na wuce gona, na yagi gefen tsohon rawanin Yaya na sabunta tsumman.

Yau da safe na je na duba. Kudu yake nunawa, Alhaji, daidai unguwar da mahaifiyarka take zaune. Allah ya jiƙan Yaya Altine, ya ba ta lafiyar ƙirji.