Wayar da Hatim Chacha Ya Mayar

Shekara arba'in da uku Hatim Chacha ya yi a kan benci ɗaya, a ƙuryar shagon Taherali da ke layin Mutton, cikin kasuwar Chor Bazar ta Bombay. Ni kuwa shekara ashirin da shida na yi ina kallon ƙeyarsa, domin rumfata tana fuskantar ƙofarsu, a nan nake ɗinka wa fitilu hula. Shi ya gyara, ni in tufatar. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa idona ne ya gani.

Tsofaffin fitilun tebur yake gyarawa, irin waɗanda masu kuɗin Bombay suka haukace a kansu yanzu. Wata kamar lemar kwaɗi, wata da dogon wuya a lanƙwashe, wata ka juya ta sau uku ba ka gane ina ne gabanta ba. Yawancinsu daga jiragen ruwan da ake farfasawa a Alang suke zuwa, ko daga gidajen tsofaffin Farsi waɗanda 'ya'yansu suka tafi ƙasashen waje suka aiko a kwashe ɗakunan. Da can a kan sikeli ake sayar da su tare da tukwanen tagulla. Yau akwai wadda idan aka faɗa mini kuɗinta sai na nemi wurin zama.

Marigayi Seth Taherali, wanda ya ɗauki Hatim aiki tun bai fara aske gemu ba, ya bar ƙa'ida ɗaya a shagon: fitila ba ta fita da tsohuwar waya. Danshin damina yana cinye robar da ke ƙarƙashin zaren, waya ta yi kyau a ido alhali cikinta tsirara ne. Idan aka gama gyara, mai gyaran zai kunna fitilar a gaban mai saye, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen, ya bar shi a nan. In wuta za ta ja wani, shi za ta fara ja. Na ga Hatim ya yi wannan sau dubbai, fuska a murtuke, kamar ana masa dole, amma ni na san yana jin daɗin abin.

Ba shi da wani abin jin daɗi da ya wuce wannan. Matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce, ya koma Mumbra gidan mijin 'yarsa, ɗaki biyu mutum bakwai. Kullum a tsaye yake zuwa cikin jirgin ƙasa, a tsaye yake komawa, gwiwoyinsa kuma sun riga sun ƙare. Ya taɓa ce mini a duk faɗin garin nan, bencin nan ne kaɗai wurin da ba a ce masa ya ɗan matsa.

Huzefa ɗan marigayin ne yake riƙe da shagon yanzu. Ba mugu ba ne, sai dai a wayar salula yake ciniki, kuma ya daɗe yana auna ƙuryar Hatim da ido, yana cewa kabad mai gilashi zai shiga wurin daidai.

Cikin watan Yuli na bara aka kawo wata fitila 'yar Italiya, mai launin ruwan lemo, kamar an raba ƙwai biyu an ɗora ɓari a kan ɓari. Kafin a sauke ta daga kwali Huzefa ya aika hotonta ga Madam Freny Batliwala ta Malabar Hill, wadda aka ce ta tara irinta fiye da arba'in, ta kuwa ce kada a nuna wa kowa. Ya ajiye ta a gaban tsohon ya ce, "Chacha, ƙura kawai za ka kaɗe. Kada ka kwance ko noti ɗaya." Ya fita.

Hatim ya kaɗe ƙura. Sannan ya murza wayar tsakanin yatsunsa, ya ji tana ƙaras ƙaras a ciki. Ina gani ya ɗauko sukudireba, na kira shi na ce an fa hana shi. Ya ce yaron bai ji abin da shi ya ji ba. Kafin la'asar ya sa sabuwar waya baƙa, sabon makunni, sabon fulogi, tsohuwar kuma ya jefa cikin buhun tarkacen da Mangal mai sayen tagulla yake kwashewa duk yamma. Ya yi aiki mai kyau, wannan ba na musu.

Washegari Madam ta zo. Ba ta ko dubi kan fitilar ba, kifar da ita ta yi ta dubi gindinta, ta ɗaga baƙar wayar da yatsa biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Cikin sanyi ta gaya wa Huzefa cewa abin da ta saya a hoto yana da wayarsa ta asali mai ruwan ƙasa da makunnin masana'anta, wannan kuwa ba ta san ko mene ne ba. Hatim ya miƙe zai yi bayani, har ya kunna fitilar ya ɗora tafinsa a kanta. Ta dube shi kamar yadda ake duban mai tallan da ya tare hanya.

Bayan ta tafi Huzefa ya yi magana a bakin ƙofa, layin duka yana ji. Ya ce zamanin babansa ya wuce, masu saye yanzu tsufan suke biya, har da tsatsar. Ya ce zuwa jibi a mayar da komai yadda yake, in ba haka ba Chacha ya huta a gida, ai ya yi ƙoƙari.

Ni na raka shi wurin Mangal, domin idonsa ba ya rabe ruwan ƙasa da baƙi a cikin duhun rumfa. Ana sheƙa ruwa, kwata ta cika ta haura mana idon sawu. Buhu huɗu muka zazzage. Mangal yana zaune yana mana dariya, wai yau ya ga masu fitila suna sayen shararsu. A buhu na huɗu na ciro ta, makunnin yana lilo. Raina a ɓace yake, na ce wa Hatim da ya ji magana da yanzu ƙafata a bushe take.

Muka fake a shagon mai shayi. Ya tsoma burodinsa har ya narke a cikin kofin bai ci ba.

"Shamim, idan na mayar da wannan, ranar da mai aikin gidan ta goge ta da ɗanyen tsumma an gama."

"To kada ka mayar, ka tafi Mumbra ka zauna a kan matakala."

"Kin iya rarrashi."

"Na gaji ne, Chacha. Kai ma ka gaji."

Wuni guda ya yi a kanta. Ya zura tsohuwar wayar a hankali don kada zaren ya tsinke, ya mayar da makunnin, har ƙullin da wani Bature ya yi shekara hamsin da suka wuce sai da ya sake ƙulla shi a inda yake. Da ya kusa rufe gindin sai ya yafuto ni. A can ciki, inda ido ba ya kaiwa, ya yanke wayar taƙi ɗaya kafin ta isa mazaunin ƙwan fitilar, ya naɗe bakin da salatif, ya ɗaure. A waje komai na asali ne. A ciki kuwa ko za a shekara ana danna makunni ba za ta kama ba.

Na ce masa Madam za ta dawo da ita gobe, ta ci mutuncinsa gaban jama'a. Ya ce haka yake so. Idan ta dawo da ita tana faɗa cewa ba ta kamawa, sai ya buɗe ya nuna musu ita da Huzefa ruɓar da ke ciki, su zaɓa da bakinsu, ko ado ko haske. Ya riga ya shirya maganar da zai yi, har ya gwada mini ita sau biyu.

Madam ta aiko direba ya ɗauka. Da yamma ta bugo wa Huzefa ta ce ta yi kyau ƙwarai. Huzefa ya sayo wa tsohon keema, wato niƙaƙƙen nama, da burodi, ya dafa kafaɗarsa, maganar kabad kuma ba a sake ta ba.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai Hatim ya ɗaga kai. Ana nan Huzefa ya ci gaba da kawo masa irinsu, yana cewa a bar su da wayarsu kamar ta Madam. Wadda wayarta ke da rai ya bar ta, wadda ta ruɓe ya yanke ta a ciki. Ni kaɗai na sani, kuma ni nake ɗinka musu hula. Zuwa yanzu sha ɗaya ya yi wa haka, sun shiga gidaje sha ɗaya a Bandra da Colaba da Delhi.

Ya tsira da bencinsa. Yana zuwa a kan lokaci, yana tashi a kan lokaci, sai dai ya rage magana, kuma abin yana ba ni tausayi fiye da yadda nake nuna masa. Ranar Talatar nan na kai masa hula, na tarar yana zaune da sukudireba a hannu ba ya yin komai. Na tambaye shi ko gwiwar ce.

Ya ce, "Wata goma sha huɗu, Shamim. Ko mutum ɗaya bai gwada kunnawa ba."