Jan Waken Kaka

Jiya wani ya wuce ni a kan babur da famfon feshi goye a baya. Warin maganin ciyawa ya buge ni, tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Kaka ce ta faɗo mini a rai, ita da wakenta.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsun Roni. Kaka tana da 'yar gayauna a gefen gonar Baba, inda take shuka wani jan wake da ta gada wurin mahaifiyarta. A toka take ajiye irin, cikin tulun da take liƙe bakinsa da laka. Mu jikoki, ko raɓar tulun ka yi sai ka sha ranƙwashi.

Wata damina ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Baba ya haɗa gayaunar da gonarsa ya shuka masara, ya feshe duka, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Da wata daminar ta zagayo, Kaka ta juye tulun kaf ta shuka. Waken ya fito, ganyen ya yi rawaya, ya soma ƙonewa daga gefe. Safe da yamma tana hanyar gona tana ɗingishi, abinci ma a tsaye take ci. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai lokacin.

"Kai, me ka ba ƙasata ta ci?" ta tambayi Baba.

"Inna, maganin bara ne, ai ya daɗe da tafiya."

Ashe yana nan. Kusurwa ɗaya ce ta tsira, inda makiyaya suka kwantar da shanunsu da rani, kamar yadda Baba ya saba gayyatarsu bayan girbi. Kaka ta kewaye wurin da ƙaya, ta samu wake ƙwarya guda.

Sai da na girma wani malamin gona ya bayyana mini. Akwai ƙananan halittu a ƙasa waɗanda ido ba ya gani, su ke cinye maganin su narkar da shi. Amma sai da taki da danshi suke yawa. A busasshiyar ƙasa mai yunwa, maganin kwanciya yake yi yana jira.

Yanzu tulun yana ɗakina. Makiyaya sun daina sauka a gonarmu, ƙannena kuwa feshi suke yi kowace shekara. Bara na buɗe tulun, na zagaya gonar, na dawo na liƙe. Na san iri ba ya daɗewa a toka yana jiran mutum. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, ni kuwa har yanzu ban ga kusurwar da zan ba amanar waken Kaka ba.