Waƙar Daɓe a Bakin Tafkin Liuhua

Tun kafin in iso birnin Guangzhou na ƙasar Sin mutanenmu na unguwar Sanyuanli suka yanke hukunci cewa babu mahaluƙin da zai iya faɗin asalin kiɗan da wani tsohon Basine yake yi a bakin tafkin Liuhua. 'Yan Kano sun saurara, sun ce ba nasu ba ne. 'Yan Yamai sun ce wataƙila na Buzaye ne. Masu manyan wayoyi sun kara su kusa da shi, ba su samo masa suna ba. Wani ɗan Maraɗi mai sarin takalma ne ya ba ni labarin a gidan abincin da muke cin tuwo.

"Baba Hedimasta, kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "Shekara huɗu yana tare duk baƙar fatar da ya gani yana tambaya, mu kuma muna ce masa meyo, babu. Amma in an koya muku wannan a makarantar Turawa, to bismilla."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin shekara talatin da biyar na yi ina shugabantar makarantu, ban saba a yi raha da ni ba.

'Yata, wadda take sarin hijabai a can, ita ta kawo ni a cire mini yanar ido. Likita ya umarce ni da tafiyar safe, sai ta riƙa raka ni lambun tafkin kafin ta wuce kasuwa. A nan na sami tsohon, zaune ƙarƙashin wata bishiya. Abin kiɗan nasa akwati ne mai faɗi a kan ƙafafu, tsirkiyoyin ƙarfe birjik a shimfiɗe a kansa, yana dukansu da siraran sandunan gora guda biyu. Suna kiransa yancin.

'Yata tana jin Sinanci gwargwado, ita ta yi mana tafinta. Ya ce matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta yi aiki a ƙasar Hausa tana budurwa, ta dawo da wannan sauti a bakinta. Bai taɓa tambayarta mene ne ba. A ciwon ajalinta, bayan magana ta ɗauke mata, shi kaɗai ta riƙa gunguni. Yana so ya san abin da take faɗa masa.

Ya kaɗa mini a hankali, kamar mai rakiyar gawa. Na ce ban san shi ba, kuma a ranar gaskiya na faɗa. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: bayan kowace gaɓa yakan ɗaga sandunan ya dakata, ya bar wani gurbi shiru, sannan ya ci gaba. Ya ce haka matarsa take yi, bai san dalili ba.

A safiya ta uku, da ya kai ga gurbin, sai na ji abin da ya kamata ya cika shi. Ƙarar madaɓai ce, kamar guda ashirin, suna faɗa wa ƙasa tare. Na ji ƙamshin makuba da jiƙaƙƙiyar tsakuwa. Waƙar daɓe ce ta ƙauyenmu, wadda mata suke yi a durƙushe suna dukan ƙasan sabon ɗaki har ya yi santsi. Mahaifiyata ce take bayarwa, sauran suna amsawa.

Na ɓoye masa cewa na gane waƙar, kuma ina da dalili. Shekarar da aka ba ni shugabancin makaranta na farko, na koma gida da buhunan siminti. Na iske mata sun taru za su daɓe wa mahaifiyata ɗaki, har an dama fura. Na tsaya a tsakar gida da kwat ɗina na ce gidan hedimasta ya wuce wannan ƙauyanci. Matan suka kwashe madaɓansu suka fita ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ta bi su da kallo. Ta zauna a ɗakin simintin nan har ta rasu, ban sake jin ta ɗaga murya da waƙa ba.

Kwana shida ina zuwa ina zama a benci, yana kaɗawa, ina shiru. Ko na koma masauki, gurbin nan yana bina. In injin ɗaga mutane ya tsaya, in fanka ta yi tsit, sai in ji kamar ana jira in buga.

A rana ta bakwai 'yata ta dube ni.

"Baba, ka san kiɗan nan."

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙafarka. Duk inda tsohon ya tsaya sai ta buga ƙasa. Tun shekaranjiya nake kallonta. Shi ma ya gani, kunyar tambayarka yake ji."

Na yi niyyar yi masa bayani a tsaye, kamar yadda na saba a gaban aji. Na fara, ta fara fassarawa, sai na ga bai gane ba, domin ba su da kalmar daɓe, ita ma ba ta taɓa ganin ana yi ba. Sai na naɗe hannun babbar rigata, na cire takalmina ɗaya, na durƙusa a kan dandamalin, tsofaffin da suke motsa jiki suna kallona. Na ce ta gaya masa ya ƙara sauri, wannan waƙar aiki ce, ba ta makoki ba.

Ya kaɗa, na buga a gurbin. Ya ƙara sauri, na bi shi. Waƙar ta miƙe tsaye yadda na san ta. Can sai ya ajiye sandunan, ya yi magana. 'Yata ta fassara mini: a daidai wurin nan matarsa takan bugi bargo da tafin hannu, shi kuwa duk shekarun nan yana zaton zafin ciwo ne.

Ya roƙe ni baitocin. Na buɗe baki, babu ko ɗaya. Na haddace sunayen kogunan Turai, har yau suna nan, amma kalma ɗaya ta waƙar mahaifiyata ba ta zauna ba. Mun buga waya gida, aka zaga ƙauyen, aka ce mace ta ƙarshe da ta yi amshi a bayanta ta rasu bara. Sunan aikin kawai na iya ba shi, ya sa aka rubuta masa a takarda, ya karɓa da hannu biyu.

Ina da littafi mai baƙin bango inda nake rubuta haihuwa da rasuwar gidanmu. Idona bai warke ba tukuna, don haka na sa 'yata ta ɗauki alƙalami. Ta tambaye ni a wane shafi, na haihuwa ko na rasuwa. Na ce ta buɗe sabo, ta rubuta cewa na yi wa mahaifiyata amshi ranar Larabar ƙarshe ta watan Sha'aban, a shekarar da na cika saba'in da takwas.