Ƙugiyar da Ta Kai Ni Hadejia

Mun tashi da asuba daga Kano, ina gefen taga ina kallon wata farar balbela a bayan saniya, ina saƙa yadda zan zauna a kwalekwale, iska na kaɗa mayafina. Kafin mu kai garin Malam Madori tayar motar ta fashe sau biyu, mayafin ya koma abin goge gumi.

Aiki ne ya kai mu. Ni da abokin aikina mun gina wa wata ƙungiyar manoman shinkafa shafin rajistar iri, da buɗaɗɗiyar manhaja wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara. Mutum guda ya ƙi zuwa karɓar nasa, ga ruwa na shirin sauka.

A Hadejia muka ci soyayyen kifi, mai kifin ta tsuga mana farashin baƙi. Kwalekwalen da na yi mafarki yoyo yake, ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa, sauro ya yi walima da ƙafafuna.

Muka sami dattijon da ya ƙi zuwan yana gyaran taru.

"Baba, me ya hana ka zuwa?"

"'Yata, shekara arba'in ina noma fadamar nan, sai waya ce za ta ce na kasa?"

Matarsa ta miƙo wayar. Saƙon ya ce: "Kasa: fadama." Mu kuwa "Ƙasa" muka rubuta, wato irin ƙasar gonarsa. Manhajar ce ke yanke ƙugiyar haruffa kafin ta tura saƙo, mu kuma ba mu taɓa gwadawa da Hausa ba. Kamar in nutse.

A kan turmi na ɗora kwamfuta, abokin aikina na ɗaga waya sama yana farautar sabis. Layi uku na gyara, na aika wa masu kula da manhajar da bayani, don kada a sake kayar da wani a gonarsa. Muka sake tura saƙon. Matar ta karanta, ta furta ƙ ɗin da ƙarfi.

"To, yanzu ta yi hankali," in ji Baba, ya ɗauki hularsa.

Na dawo gida da kuraje, ba hoton kogi ko ɗaya. Masu manhajar sun karɓi gyaran bayan sati uku. Baba ya riga su: ya shuka. Ni kuwa yanzu duk abin da na gina, sai na fara rubuta masa "ƙasa" na ga yadda zai furta.