Mutumin Nan a Ɗakin Hoto

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare nan Garwa, aka yi wa mahaifiyata aiki a ƙashin baya. Ƙashi ɗaya ne ya goce ya danne jijiya, har ta kai ba ta iya zuwa bakin ƙofa sai an riƙe ta. Muka kai ta Yawunde, likitoci suka gyara wurin suka ɗaure shi da ƙananan ƙusoshi. Da muka dawo gida unguwar Rumde Ajiya, duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa, "Ai ni yanzu ƙyaure ce, kafinta ya gama da ni." A yi dariya, ita ma ta yi. Amma akwai abin da ba ya ba ta dariya ko kaɗan. Likita ya hana ta sunkuyawa, don haka a kan kujera take salla. Matar da tun tana yarinya goshinta ya saba da tabarma, ga ta tana sujada a iska. Wannan ya fi ciwon kansa ci mata rai.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wani abu, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗan fari. Mahaifiyata, da muke kira Dada, Bahaushiya ce da ta tashi a cikin Fulani, sai ta haɗa kunyar gida biyu ta juye a kaina. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Mutumin nan" take ce mini. Ina zaune a gabanta za ta dubi ƙanwata ta ce, "Tambayi mutumin nan ko ya ci abinci." Idan babu kowa a ɗakin, sai ta tambayi bango, ni kuma in ba bango amsa. Ba ƙiyayya ba ce, don tsokar da ta fi kowace girma a kwanona take ƙarewa. Na saba, har alfahari nake yi da abin a gaban abokai.

Bayan wasu watanni sai ƙafarta ta hagu ta fara mutuwa, tana jin kamar tururuwa na yawo a ciki. Ta ɓoye, kamar yadda ta saba, sai da ƙanwata ta ga tana jan takalmi. Likitan ƙashi na nan Garwa ya sa aka yi hoton da aka saba yi, ƙusoshin suka fito fes, amma ya ce wannan hoton ƙashi da ƙarfe kawai yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Sai an shiga babban injin da suke kira IRM. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Idan wani abu na taɓa jijiyar, to sai a koma Yawunde a sake buɗe bayan, kuma wataƙila ita da kujera har abada. Idan babu, magani da motsa jiki ne, a hankali ta koma tabarmarta.

Ƙanwata ce mai raka ta asibiti kullum. To ana gab da ranar hoton ta haihu, tana can Bibemi tana wankan jego. Sauran ƙannena kuwa, na kusa ba ya jin Faransanci, mai ji yana nesa. Da aka gaya wa Dada cewa ni zan raka ta, sai ta dubi butar alwalarta ta ce, "Allah ya sa mu ga alheri."

Ni fa na ɗauki abin da zafi. Na sa wando da bel, na ɗora kwat a cikin zafin Garwa, na kwana biyu ina bitar kalmomin likitanci don kada malamin makaranta ya ji kunya. Bayanta ba zai ɗauki babur ba, sai maƙwabcinmu, wani mahauci mai barkwanci, ya ce zai kai mu a motarsa. Motar nan ko an wanke ta da turare sai ta yi ƙanshin kwata. A hanya Dada ta samu wanda za ta yi magana ta bakinsa.

"Alhaji, tambayi mutumin nan ko ya ɗauko tsofaffin hotunan."

"Malam, an ce ka ɗauko tsofaffin hotuna?"

"A ce mata suna hannuna."

"Hajiya, ya ce suna hannunsa. Ni dai yau na zama tarho."

Mai ɗaukar hoton mutumin kudu ne, mai fara'a, bai daɗe da zuwa arewa ba. Duk Fillancinsa bai wuce "Jam na, maman?" ba, Hausa kuwa ko sannu. Ya fara jero tambayoyi ina fassarawa: akwai wani ƙarfe a jikinta ban da ƙusoshin, akwai haƙorin makka, ina ne ciwon ya fi tsanani. Dada na kallon silin tana ba shi amsa. Wasu tambayoyin ma da na ji inda suka dosa, ni na amsa su da kaina, don babu ɗan farin da zai maimaita su a gaban uwarsa ya kwana lafiya. Wata nas mai jin Fillanci ta cire mata 'yan kunne da awarwaro, ta kai ta ciki ta kwantar. Na ce alhamdu lillahi, ga mai fassara ta samu. Ko rufe baki ban yi ba aka kira nas ɗin wani ɗaki da gaggawa.

Injin kamar wata ƙatuwar ganga ce a kwance, da rami a tsakiya inda ake tura mutum. Da Dada ta gan shi sai ta ce, "Wannan ai kabari ne aka ja masa lantarki." Mai hoton ya toshe mata kunne, ya danƙa mata wani ɗan ƙwallon roba ya ce ta matsa idan ta ji ba daɗi. Muka fito muka tsaya bayan gilashi, inda yake da na'urarsa da abin magana. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta motsa har a gama.

Aka kunna. Ƙarar kamar maƙera sun haɗu da masu injin niƙa a ɗaki ɗaya. Ba a jima ba mai hoton ya girgiza kai ya nuna mini allo. Bayan Dada ya fito dishi-dishi kamar an ɗauki hoton akuya tana gudu.

"Elle bouge," in ji shi. Tana motsi.

Na matsa bakin abin magana na gyara murya. "Dada, an ce kada ki motsa."

Na leƙa ta gilashi sai na ga abin da ke faruwa. Jikinta na cikin rami, ƙafafunta ne a waje, tana ta ƙoƙarin jawo gefen zane da ƙafa ɗaya ta rufe ɗayar. Ashe ta san ina tsaye ina kallo. Na roƙi mai hoton ya lulluɓe mata ƙafafu da mayafin gado. Ni kuma na juya na ba gilashin baya, na miƙa wuya wajen abin magana na ce, "Sanarwa: mutumin nan ya juya baya." Mai hoton ya dube ni kamar yana tunanin ni ya kamata a tura cikin injin.

Karo na biyu ya fara da kyau. Can sai injin ya canja murya, ya koma wani irin bugu mai shiga har cikin haƙori. Sai ƙararrawa ta ɗauka, Dada ta matsa ƙwallon. Aka jawo ta waje. Ɗakin nan kilim, na'urar sanyaya ɗaki, na busawa kamar cikin firji, amma gumi ne sharkaf a goshinta. Ta kalli silin ta ce, "A mayar da ni gida. Kujerar ma ta ishe ni."

Ni kuwa na san ba gaskiya ba ne. Na sha ganinta bayan sallar asuba tana shafa tabarmarta da tafin ƙafa.

Mai hoton ya ja ni gefe. Ya ce akwai mutane a layi, sau ɗaya zai iya ƙara gwadawa, in ba haka ba sai an sake ba mu wata rana mai nisa, ga ƙafa tana ƙara mutuwa. Ya ce akwai dabara: in shiga in zauna kusa da ita in riƙe mata ƙafa, haka suke yi wa yara da tsofaffi. Na ce masa ba zai yiwu ba. Ya ce, "C'est ta mère, non?" Wato ba uwarka ba ce? Na buɗe baki in yi masa bayanin kunyar ɗan fari da Faransanci, sai na ga duk bitar da na yi ba ta kai nan ba. Na koyar da yara harshen nan shekara da shekaru, amma ranar na tsaya ina ta "c'est que, c'est que" kamar ɗan aji ɗaya.

Duk da haka na gwada. Na tsaya bakin ƙofa na ce wa iska, "An ce wai mutumin nan ya zauna a ciki."

"Ya tsaya inda yake," in ji Dada.

Aka sake tura ta. Na koma bayan gilashi na ba shi baya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Injin ya fara bugunsa, ya tsagaita don ya canja, kuma a cikin wannan ɗan shirun sai wata murya ta fito ta lasifikar da ke gaban mai hoton. Sunana. Cikakke, wanda aka raɗa mini ranar suna, babu ragi.

Wallahi sai da na waiga in ga wa ake kira. Muryar na sani, sunan na sani, amma ban taɓa jin su tare ba.

Ta sake faɗa, a hankali, sannan ta ce, "Kana nan?"

Ban san lokacin da na fara zubar da kaya ba. Ƙarfe ba ya shiga ɗakin, don haka agogo, makullai, waya, biro, bel, duk na tara su a tebur, aka toshe mini kunne. Sai a lokacin na gane bel ɗin nan ba ado ba ne, shi ke riƙe da mutuncina. Haka babban malami ya shiga, hannu ɗaya riƙe da wando. Na zauna a ƙarshen gadon, na zura ɗaya hannun ƙarƙashin mayafi na kama ƙafarta ta hagu, mai ciwon. Diddigen da kaushi, ƙafar sanyi ƙalau, tana ta rawa. Na ɗan matsa. A hankali rawar ta tsaya. Injin ya yi bugunsa, ya yi niƙansa, ya yi duk abin da ya iya, Dada ko yatsa ba ta ɗaga ba har aka gama.

Da na fito mai hoton ya ɗaga mini babban yatsa, sannan ya dubi fuskata ya ce, "Ça va, monsieur?" Na ce masa lafiya lau, kilim ɗinsu ne ke sa ido ruwa.

A mota maƙwabcinmu ya tambaya yadda aka ƙare. Ni kuma bakina ya ƙi zama. Na ce, "Alhaji, tambayi Hajiya, ni dai kamar na ji an kira wani suna a ciki."

Dada ta gyara mayafi ta kalli titi. "Alhaji, gaya wa mutumin nan injin nan surutu gare shi. Babu irin ƙarar da ba ya yi."

Mahaucin nan ya yi dariya har sai da ya kusa hawa kan mai rake.

Da sakamako ya fito, likita ya ɗora hotunan a jikin fitila ya nuna mana. Ƙusoshi na nan inda aka kafa su, babu wanda ya kusanci jijiya. Kumburi ne da tabon aiki suka ɗan matse wurin. Ba sai an koma Yawunde ba. Aka ba ta magani, aka haɗa ta da masu motsa jiki, aka ce a bi a hankali. Ba ta taɓa gaya mini ranar da ta koma tabarma ba. Na dai shigo gida wata rana da la'asar na tarar da kujerar sallar a tsakar gida, an ɗora mata faifan barkono yana shan rana. Na daɗe a tsaye ina kallon barkonon nan ina murmushi kamar wawa.

Har yau ba ta sake kiran sunan ba, ni ma ban nema ba. Da can ina ɗauka kunyar nan katanga ce da na saba zama a bayanta. Ranar na gane sunan na nan a bakinta tun ranar da aka raɗa shi, ajiye shi ta yi, kuma da tsoro ya kai mata iya wuya, a duk duniya shi ta laluba. Wannan ya ishe ni. Hotunan ma suna wurina. In na ɗaga su a hasken taga ina ganin ƙashin bayanta da ƙusoshinta, tsaf, babu dishi-dishi ko kaɗan, kuma na san abin da ya sa suka fito haka.

Da shekara ta zagayo likita ya ce a sake hoto don a tabbatar komai na nan daidai. Ƙanwata ta fara shirin tahowa daga Bibemi da goyonta. Sai ga ta ta kira ni tana dariya har numfashinta na sarƙewa.

"Yaya, Dada ta ba ni saƙo. Ta ce kada kowa ya wahalar da kansa da doguwar tafiya. Wai mutumin nan ya san hanya."

Na ce to, a gaya mata ya ji. Ranar dai wando mai mazagi na sa.